Me Ya Sa Sifaka Ke Tsalle a Karkace Idan Ta Sauko Ƙasa?

A kudancin tsibirin Madagaska, inda ƙasa take ja kuma ruwan sama bai cika sauka ba, akwai wata dabba fara mai baƙar fuska da ake kira sifaka. Idan za ta ƙetare fili daga wannan bishiya zuwa waccan, sai ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta juya gefe, ta ware hannuwa, ta dinga daka tsalle a karkace har ta isa. Masu yawon buɗe ido da ke zuwa gandun Berenty kan tsaya da kyamara a hannu suna jiran wannan abu, kuma rawa suke ce masa. Amma ba don nishaɗi take yi ba. Ruwa ba ya tsami banza. Jiki ne mai ƙirar sama ya tsinci kansa a ƙasa, yake lallaɓawa da abin da yake da shi. Duk mai son gane wannan tafiya, sai ya fara ɗaga kai ya dubi bishiya.

Sifaka tana cikin dangin dabbobin da ake kira lemur. A ido sun yi kama da biri, sai dai kama da wane ba ta wane. Hancinsu a jiƙe yake irin na kare, sun fi biri dogara da sansana, haƙoransu na gaba na ƙasa kuma a kwance suke a jere, da su suke taje gashi. Asalinsu duka Madagaska ne. Masana sun fi karkata ga cewa kakanninsu sun isa tsibirin fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, bisa tarkacen itatuwan da ruwa ya kwaso daga Afirka, ta mashigin teku mai faɗin kusan kilomita 400. Can ba su tarar da biri ko ɗaya ba, har yau ma babu, saboda haka suka bazu suka cike kowane lungu na daji. Yanzu ana lissafa iri fiye da 100, tun daga ɗan ƙaramin da bai wuce giram 30 ba a dajin Kirindy, har zuwa indri mai kai kilo 9 a kurmin gabas. Shi ya sa masu nazarin motsin dabbobi ba sa rabuwa da tsibirin: dangi ɗaya ne, amma hanyar tafiya ta rarrabu, ana iya jera su a ga abin da nauyi da abinci da irin daji suka yi wa kowace ƙafa.

Ga yadda tsallen yake idan an zuba masa ido. Sifaka ba ta kwanciya bisa reshe. A tsaye take rungumar gangar bishiya, gwiwoyi a naɗe har kusa da ƙirji, babban yatsan ƙafa a buɗe ya kama gefe ɗaya na itacen, sauran huɗun sun kama ɗaya gefen. Bishiyar da za ta nufa sau da yawa a bayanta take, don haka sai ta waiga ta kan kafaɗa ta auna. Daga nan hannuwa su saki, ƙugu da gwiwa su miƙe gaba ɗaya, ta tunkuɗe itacen ta fita da baya. A cikin iska ne take juya jiki har ta fuskanci inda za ta, ta kawo ƙafafu gaba, su ne ke fara taɓa bishiyar, su naɗe su shanye ƙarfin dirar, sannan hannuwa su biyo su riƙe. Wani lokaci ma ba ta tsayawa: da taɓa bishiya ta biyu sai ta sake zabura zuwa ta uku da ta huɗu. Indri da manyan sifaka na iya cin tazarar da ta kai mita 10 a tashi ɗaya.

A shekarar 1967 ne wasu masana biyu 'yan Birtaniya, John Napier da Alan Walker, suka ware wannan salo a matsayin nau'in tafiya mai zaman kansa, wato manne wa itace a tsaye da tashi daga kansa. Ƙashi ma yana ba da shaida. Akwai ma'auni mai sauƙi da ake amfani da shi: a auna tsawon ƙasusuwan hannu, a kwatanta da na ƙafa. A jikin sifaka, hannu bai wuce kusan kashi 60 cikin 100 na tsawon ƙafa ba. A jikin birai masu tafiya da ƙafa huɗu a ƙasa, irin su bika, tsawon ya kusa zuwa ɗaya. A jikin gibon na dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, wanda ke lilo da hannu daga reshe zuwa reshe, hannun ne ya fi, ya kai kusan kashi 130. A miƙa wa masani ƙasusuwan nan kaɗai, ba tare da ya taɓa ganin dabbar ba, zai iya faɗin yawancin yadda take tafiya. Doguwar ƙafa amfaninta a fili yake: tana ƙara tsawon lokacin da dabba ke tura itace kafin ta rabu da shi, kuma gwargwadon daɗewar turawa gwargwadon gudun da za ta fita da shi.

Nawa ne ƙarfin turawar? Brigitte Demes da abokan aikinta sun auna shi a cibiyar lemur ta Jami'ar Duke da ke Amurka, suka wallafa a 1995. Sun kafa sanda mai na'urar awo, suka bar dabbobin suna tashi da sauka a kanta. Sifaka na tura sandar da ƙarfin da ya kusa ninka nauyinta sau 10 a wajen tashi, a wajen dira kuma kusan sau 7. Abin da ya fi ba ni sha'awa a binciken shi ne abin da suka gani a dajin Madagaska kansa. Mutum zai zaci cewa bishiyar da ke tanƙwarewa taimako ce, ta lanƙwasa ta dawo ta cilla dabbar gaba. Ina! A yawancin tashin da suka lura da shi, kafin itacen ya dawo dabbar ta riga ta tafi. Ƙarfin da ta zuba wajen tanƙwara shi asara ce kawai. Wato siririyar bishiya cin ƙarfin mai tsalle take yi, shi kuwa kauri da tsayuwar itace wani ɓangare ne na tsallen, kamar yadda cinya take.

Akwai kuma batun kusurwa. A lissafi, abin da aka cilla ya fi yin nisa da ƙaramin ƙarfi idan ya tashi a kusan digiri 45. Robin Crompton da abokan aikinsa sun duba wannan a farkon shekarun 1990, suka tarar yawancin masu tsallen da suka gwada ba sa bin wannan lissafi. Ƙasa-ƙasa suke tashi, a miƙe, wanda ya fi cin ƙarfi amma ya fi saurin kaiwa. To me zai sa dabba ta zaɓi hanya mai tsada? Amsar da aka fi bayarwa ita ce fosa, babbar mai farauta ta tsibirin. Ta yi kama da doguwar kyanwa, nauyinta kan kai kilo 8, idon sawunta na juyawa har tana iya saukowa daga bishiya da kai a ƙasa, kuma lemur ne fiye da rabin abincinta. A kan reshe ba a tsere mata da gudu. Daga sama kuma ga shaho. Wanda ya daɗe a iska ya ba maƙiyi lokacin auna inda zai sauka.

Wannan bayani yana da ma'ana, amma ba na jin shi kaɗai ya isa. Irin dajin ma yana da nasa hannu. A dajin ƙaya na kudu, itatuwan da suka fi yawa dogaye ne a tsaye, jikinsu duk ƙaya, ba su da rassa masu faɗi da ke haɗuwa a sama har a bi ta kai. A wuri irin wannan zaɓi biyu ne: ko a sauka ƙasa a taka a sake hawa, ko a yi tsalle. Yadda sifaka ke dira bisa ƙayar nan da cikakken gudu ba tare da ta tsire tafinta ba abin kallo ne. A Bemaraha da ke yamma, 'yar'uwarta tana yin irin wannan a kan tsinin duwatsu masu kaifin wuƙa. Sai kuma abinci. Ganye ne babban abincin indri da sifaka, ganye kuwa ba ya ba da ƙarfi da yawa, narkewarsa ma a hankali. Dabbar da ke rayuwa a kansa dole ta yi tattalin motsi, don haka yawancin yini a zaune suke ko suna ci. Tsallen yana da tsada, amma na ɗan lokaci ne, kuma yana raba su da hawa da sauka, wanda shi ma ba arha ba ne. Wani ɗan'uwansu ya kai tattalin nan ƙarshe: ƙaramin lemur mai kitse a wutsiya, wanda ke shigewa kogon itace da rani ya yi barcin da kan kai wata 7, yana cin kitsen da ya tara.

Yanzu a dawo ƙasa. Dabbar da hannunta bai kai kashi biyu cikin uku na ƙafarta ba, idan ta ce za ta taka da huɗu, ƙugu zai yi sama, fuska ta nufi turɓaya. Idan ta ce za ta miƙe ta yi taku ɗaya bayan ɗaya irin namu, ƙugunta da tafinta ba su dace da hakan ba, domin tafin na kamu ne, babban yatsa a ware. Abin da ya rage mata shi ne abin da ta iya: ta yi tsallen bishiya a kan ƙasa. Roshna Wunderlich da Julia Schaum sun ɗauki hoton motsin dalla-dalla suka wallafa a 2007, suka nuna cewa ba tsallen kwaɗo ba ne na ƙafa biyu tare. Sukuwa ce da ƙafa biyu. Ƙafa ɗaya ke fara dira, ɗayar ta biyo ta nan take, sai jiki ya tashi gaba ɗaya. Juyawa gefe na ba dogayen ƙafafun filin buɗewa, hannuwan da ke sama da ƙasa suna daidaita jiki, bayan 'yan tsalle kuma takan sauya ƙafar da ke gaba. Ƙananan yara ma sukan yi irin wannan sukuwa ta gefe a wajen wasa kafin su girma su bar ta.

Mai karatu zai iya tuna kangaru na Ostireliya, ya ce ai shi ma da tsalle yake tafiya kuma ba a ce yana wahala ba. Gaskiya ne, sai dai hanyar daban ce. A 1973 Terence Dawson da Richard Taylor sun ɗora kangaru a kan injin gudu suna auna iskar da yake shaƙa, suka ga abin mamaki: da ya fara tsalle, ƙarin gudu ba ya ƙara masa buƙatar iska. Sirrin yana agararsa, doguwar jijiya mai kauri da ke miƙewa a kowace dira ta adana ƙarfi, ta mayar da shi a tashi na gaba. Wannan dabara tana son abu biyu: ƙasa mai tauri, da tsalle a jere bisa kari ɗaya. Sifaka kuwa yawanci daga zaune take tashi, daga itacen da ke girgiza, zuwa tazarar da kullum sauyawa take. Kangaru matafiyin dogon zango ne, ita kuma mai ƙetare rami. Suna ɗaya ne, tsalle, amma aikin biyu ne.

Girman jiki ma yana raba masu tsallen bishiyar kansu. Tun a 1680 wani masani ɗan Italiya, Giovanni Borelli, ya lura cewa dabbobi masu ƙira iri ɗaya, manya da ƙanana, tsayin tsallensu bai kamata ya bambanta sosai ba, domin tsoka na ƙaruwa tare da nauyin da za ta ɗaga. Matsalar ƙarami ita ce lokaci. Ƙafarsa gajeriya ce, kafin tsoka ta gama fitar da ƙarfinta ƙafar ta riga ta miƙe. A nan ne labarin ya zo kusa da gida, domin dangin lemur mafi kusa da suka rage a Afirka sun haɗa da galago, ɗan ƙaramin mai manyan idanu da kunnuwa da ke fita da dare. Irin da ake kira na Senegal yana zaune a dazuzzukan savana tun daga Senegal har gabashin Afirka, arewacin Nijeriya na ciki, yana cin ƙwari da ƙaro. Nauyinsa wajen giram 200 ne, amma an auna shi ya yi sama mita 2.25 daga tsaye. Peter Aerts na Beljiyam ya yi lissafi a 1998 ya ga cewa ƙarfin da ke fita a daidai lokacin tashi ya ninka abin da tsoka kaɗai za ta iya bayarwa kusan sau 15.

Daga ina ragowar ya fito? Duk yaron da ya taɓa harbin tsuntsu da danƙo ya san amsar. Hannu ba zai iya cilla dutse da wannan gudu ba, amma yana iya jan danƙo a hankali, danƙon ya saki komai a ƙiftawar ido. Galago yana durƙusawa, tsokar cinyarsa ta ja jijiyoyin da ke cikinta ta ɗame su, sannan su saki gaba ɗaya a ƙarshen turawa. Ƙasusuwan dunduniyarsa kuma dogaye ne ƙwarai, sun zama kamar ƙarin gaɓa a ƙafa. Fara ma haka take yi, sai dai nata ma'ajiyar ƙarfin wani ɓangare ne na ɓawon gwiwarta. Injiniyoyi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun kwaikwayi galago suka ƙera ɗan mutum-mutumi mai ƙafa ɗaya, Salto, a 2016. Indri da sifaka ba su buƙaci doguwar dunduniya ba. Girmansu ya ba su doguwar cinya da isasshen lokacin turawa, don haka ƙugu da cinya ne ke ɗaukar yawancin aikin, tafin kuma ya zauna a matsayin abin kamu.

Wutsiya fa? An saba cewa ita ce ke daidaita mai tsalle a iska, kuma a wajen galago da ƙananan lemur haka ne, kaɗa ta na juya jiki. Amma indri, wanda ya fi kowa girma a cikin masu tsallen, wutsiyarsa ɗan guntu ce da ba ta wuce tsawon yatsa ba. Da hannuwa yake juya kansa. Idan jiki ya yi nauyi, siririyar wutsiya ba ta da tasirin da za ta karkata shi.

Ba duk lemur ne mai tsallen tsaye ba. Wanda duniya ta fi sani, mai wutsiyar zobe baƙi da fari, wanda mutanen tsibirin ke kira maki, da ƙafa huɗu yake tafiya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacinsa a ƙasa yake, ayari guda, wutsiyoyi a sama don kowa ya ga ɗan'uwansa cikin ciyawa. Ƙafarsa ta baya ta fi ta gaba tsawo, shi ya sa ƙugunsa ke ɗan yin sama, amma bambancin bai kai ya hana shi taku ba. Yana tsalle, yana hawa, a duwatsun Andringitra ma yana rayuwa inda bishiya ta yi ƙaranci. Bai kai sifaka nisan tashi ba, bai kuma kai jan biri na savanarmu gudu ba, wanda ke kai kilomita 55 a awa kuma babu birin da ya fi shi sauri a ƙasa. Maki ɗan tsaka-tsaki ne, kuma a tsibirin da daji ke yayyagewa, tsaka-tsakin nan ya yi masa rana.

Tafiya da ƙafa huɗu ita ma kala-kala ce, mahayin doki ya fi kowa sani. A sassarfa, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu ne ke tashi tare. Raƙumi idan ya ɗauki sauri, ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa tare, abin da ke sa mahayinsa rangaji dama da hagu, kuma hakan na hana dogayen ƙafafun karo da juna. Ido ba ya iya bin sukuwa, sai da Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya a 1878 aka tabbatar cewa akwai lokacin da duk kofato huɗu ke barin ƙasa. Daga baya Milton Hildebrand ya bi sawun dabbobi masu yawa a shekarun 1960, ya fito da wani bambanci da ya shafi maganarmu. Doki ko akuya ko kare idan suna takawa a hankali, bayan ƙafar baya ta dama ta sauka, ta gaba ta dama ce ke biyo ta. Lemur da birai akasin haka suke: bayan ta baya ta dama, ta gaba ta hagu ce ke sauka. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa a kan siririn reshe, a daidai lokacin da hannu ke shirin taɓa wurin da ba a gwada ba, ƙafar baya ta riga ta kama wuri tabbatacce a ƙarƙashin jiki. Idan reshen ya karye, akwai abin da ke riƙe da dabbar. Maki yana yin wannan taku har a ƙasa inda babu reshen da zai karye. Gado ne daga sama.

Sai masu reto. Lemur mai gashin wuya na kurmin gabas, wanda 'ya'yan itace ne abincinsa, yakan saƙale ƙafafun baya a reshe ya rataye kai a ƙasa don ya kai ga abin da ke can ƙarshen reshe. Amma gwanayen reto na gaske ba sa raye. A kogunan dutse da fadamun tsibirin an tono ƙasusuwan manyan lemur iri wajen 17 da suka ɓace, yawancinsu cikin shekara 2,000 da suka wuce, bayan mutane sun zauna a tsibirin. Ɗaya daga ciki, Archaeoindris, an ƙiyasta nauyinsa ya kai kilo 160, girman gorila. Wani, Palaeopropithecus, hannuwansa sun fi ƙafafunsa tsawo nesa ba kusa ba, ƙasusuwan yatsunsa a lanƙwashe kamar ƙugiya, alamar cewa a rataye ya yi rayuwarsa a ƙarƙashin rassa, yana tafiya sannu-sannu. Abin da ya sa na kawo shi shi ne danginsa: mafi kusa da shi a cikin masu rai su ne indri da sifaka. Gida ɗaya ya fitar da mai doguwar ƙafa da mai dogon hannu.

Dalilin rabuwar ba ɓoyayye ba ne. Idan jiki ya ninka tsawo sau 2, nauyi na ninkawa sau 8, amma kaurin ƙashi da tsoka, wanda shi ne ke ɗaukar ƙarfin dira, sau 4 kawai yake ninkawa. Ga kuma itacen da za a dira a kai, wanda bai ƙara ƙwari don dabba ta ƙara nauyi ba. Ɗan lemur mai giram 30 idan ya kuskure reshe ya faɗo, da wuya ya ji wani ciwo. Mai kilo 40 idan ya faɗo, tsalle ɗaya ne ya jefa shi rijiya. Saboda haka akwai iyakar nauyin da tsalle ke ɗauka, kuma ga alama indri yana daf da ita. Wanda ya wuce nan, ko dai ya rataye ya raba nauyinsa bisa rassa da yawa, ko ya rungumi ganga ya hau a hankali, ko ya sauko ƙasa.

Rabe-raben nan na littafi, mai tsalle da mai taku da mai reto, suna da amfani wajen koyarwa, amma dabba ba ta san da su ba. Sifaka na rataya da ƙafa idan ganye ya yi mata nisa. Ɗan ƙaramin lemur na dare yana gudu bisa reshe da ƙafa huɗu, ya yi tsalle idan reshen ya ƙare. Bandro, wani irin lemur na tafkin Alaotra, a cikin ciyayin ruwa yake zaune, yana kama kara ya hau har ya tanƙware ya kai shi ga na gaba. Abin da ƙirar jiki ke faɗa shi ne abin da ya zo wa dabba da sauƙi da abin da zai ci mata rai. A nan ne sifaka da indri suka fi kowa tsada: sun ƙware a abu ɗaya har sauran hanyoyi suka ƙuntata musu.

Wannan ƙwarewa tana da sharaɗi, wato a samu itace mai kauri a tsaye cikin tazarar da ba ta wuce 'yan mitoci ba, sannan wani bayansa. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna Madagaska ta rasa kashi 44 cikin 100 na dajinta tsakanin 1953 da 2014, galibi ta hanyar sara da ƙona daji don noma, wanda can ake kira tavy, da kuma yin gawayi. Manoman da ke yi talakawa ne masu neman shinkafar da za su ci, ba wai ƙiyayyar dabba ce ta sa su ba. Amma ga mai tsalle, ba yawan dajin da ya rage kaɗai ne abin dubawa ba, har da yadda ya rarrabu. Gona mai faɗin mita 100 a tsakiyar daji ba komai ba ce ga maki. Ga sifaka, mita 100 ne na sukuwa a fili, a gaban karnukan ƙauye da motocin hanya. Ga indri, wanda da ƙyar yake saukowa, kusan katanga ce. A 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya iri 103 cikin 107 na lemur da ta tantance a jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, 33 daga ciki a mataki mafi tsanani, har da farar sifakar Berenty.

Shi ya sa aikin da ake yi a yankin Andasibe, inda ƙungiyar mutanen gari mai suna Mitsinjo ke renon itatuwan asali tana dasawa don haɗa guntayen daji, ya fi ƙarfin maganar ƙara yawan bishiya kawai. Hanya ake ginawa, kuma sai dashen ya yi shekaru ya yi kaurin da zai ɗauki turawar dabba mai kilo 7 ko 9 kafin ya zama hanyar. A wasu yankunan al'adar fady, wato haramcin gargajiya, tana hana kashe indri, wanda suke kira babakoto, ko da yake al'adar na raguwa inda baƙi masu haƙar ma'adinai suka shigo. Wasu irin sifaka suna haihuwa a Duke da wasu gidajen namun daji na Turai. Indri kuwa duk ƙoƙarin da aka yi na riƙe shi a tsare bai yi nasara ba, ba ya daɗewa yake mutuwa, don haka babu wani garke na ajiya a wata ƙasa da za a dawo da shi idan na kurmin gabas ya ƙare.